Ranar da Caroline Wozniacki ta kasa ɗaga hannunta sama, da abin da ya biyo baya

Ni dai ba wani masanin tanis bane, ƙwallon ƙafa muka taso muka gani kamar kowa, tanis ɗin ma sai in babu wasan Firimiya mai gidan kallo ya rasa tashar da zai saka mana. Abin da ya haɗa ni da labarin 'yar wasan tanis ɗin nan Caroline Wozniacki ciwon yayata ne, wani ciwon gaɓɓai da ake kira rumatoyid. Ranar da likita ya rubuta mana sunan ciwon a takarda na dawo gida na zauna da waya ina ta lalube har data ta kusa ƙarewa, sai ga hoton wata baturiya rungume da ƙaton kofi tana dariya, wai ita ma irin ciwon ne da ita. Nace kai wannan kuma wane irin zance ne, matar da ke zirga-zirga awa uku a fili cikin rana ace ciwonta ɗaya da na Yaya da ko tsumman wanke-wanke ba ta iya matsewa da safe? Tun daga ranar na shiga bin diddigin lamarin, kuma shi nake son in shimfiɗa a nan daki-daki, don akwai abin dubawa a ciki ga duk gidan da ke da mai ciwon gaɓɓai.

'Yar ƙasar Denmak ce, an haife ta a garin Odense a watan Yulin 1990, iyayenta kuma 'yan asalin Foland ne, uban tsohon ɗan ƙwallo ne shi ne ma ya riƙa horar da ita tun tana ƙarama. Tana da shekara 20 ta zama ta ɗaya a duniya cikin mata, a watan Oktoban 2010. Salon wasanta ba na ƙarfin duka bane, juriya ce, duk inda ka jefa ƙwallo sai ta bi ta dawo maka da ita har ka gaji ka yi kuskure da kanka, wato ƙafafunta da numfashinta su ne jarinta. A 2014 ma don nishaɗi kawai ta shiga gudun fanfalaki na birnin Niyok, kilomita 42, ta gama cikin awa 3 da minti 26. Irin jikin da muke magana a kansa kenan. Abu ɗaya ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya, manyan gasanni huɗun nan na duniya ba ta taɓa cin ko ɗaya ba, sau biyu tana zuwa fainal a US Open, 2009 da 2014, ana doke ta, 'yan jarida kullum tambayarsu kenan. Sai a watan Janairun 2018 a Ostireliya ta doke Simona Halep a wasan da ya ɗauki kusan awa uku, ta ɗaga kofin Australian Open, ta koma ta ɗaya a duniya. A zagaye na biyu na wannan gasar ma saura ƙiris a yi waje da ita, ana cinta 5 da 1 a zangon ƙarshe ta farfaɗo.

To cikin wannan shekarar ta farin ciki abin ya faro, bayan gasar Wimbledon a watan Yuli. Ita da bakinta tace da farko ta ɗauka mura ce ko gajiya, jiki ba daɗi, kasala, ta tafi hutu amma hutun bai warware komai ba. Ta je Washinton ta janye daga gasar saboda ƙafa. A watan Agusta a Montreal ta Kanada ta wayi gari ta kasa ɗaga hannuwanta sama da kanta. Wanda bai san tanis ba, bugun farko da ake buɗe wasa da shi sai ka cilla ƙwallo sama ka miƙe hannu gaba ɗaya ka dako ta, mai wannan sana'ar in kafaɗa ta ƙi ɗaguwa ai kamar direba ne ya wayi gari idonsa ba ya gani. Daga nan ta wuce Sinsinati can ma ba ta ƙarasa wasanta ba saboda gwiwa, a US Open kuma aka cire ta tun zagaye na biyu. Masu sharhi suna ta cewa ai ta ci kofin da take nema ta saki jiki, ba su san dawan garin ba.

Ta faɗa daga baya cewa likitoci da dama ta gani kafin a gano, akwai wanda ya kawo zancen ko juna biyu ne, akwai wanda ya nuna mata kamar abin a ranta yake kawai. Wannan wajen ya tsaya min a rai sosai, don in mace mai kuɗi da suna irin wannan za a iya ce mata ba komai, ina ga yayata da ke zuwa da katin asibiti a leda. Amma ita ba ta haƙura ba, ta san jikinta, ta ci gaba da matsawa a yi gwaje-gwajen jini har ta isa hannun likitan da ya ƙware a ciwon gaɓɓai, a daidai wajajen gasar US Open ɗin nan aka tabbatar mata da sunan ciwon, wanda likitoci ke kira rumatoyid. Tana da shekara 28. In ka lissafa daga fara jin alamun zuwa gano ciwon, wata biyu ne ko ƙasa da uku. Ka riƙe wannan lissafin don za mu dawo kansa.

Bari in ɗan tsaya a kan ciwon kansa, saboda a wajenmu komai sanyi ne. Gwiwar tsohuwa ta yi ƙara sanyi, ɗan sikila ƙashinsa ya motsa sanyi, magidanci ya ci tsire ya kwana babban yatsan ƙafarsa ya kumbura kamar zai fashe shi ma sanyi, alhali cututtuka ne daban-daban da maganinsu ya bambanta. Wanda ya fi yawa shine na zaizayewar guringuntsi, wanda shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni ke kawowa, yawanci gwiwa da ƙugu, Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum miliyan 528 ke da shi. Rumatoyid kuwa wani abu ne daban, sojojin jikin mutum da aka halitta don su yaƙi ƙwayoyin cuta su ne ke rikicewa su far wa siririyar fatar da ta lulluɓe cikin gaɓa, wadda ke fitar da maiƙon da gaɓa ke motsi da shi, sai ta kumbura ta yi kauri ta yi zafi, in an bar ta a haka ta soma cin guringuntsi da ƙashin da ke kusa. Hukumar tace mutum miliyan 18 ke da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Ba sai an tsufa yake kamawa ba, yana kama budurwa yana kama mai jego. Alamarsa da ta fi fitowa fili ita ce yana son ƙananan gaɓɓai, yatsun hannu, wuyan hannu, yatsun ƙafa, kuma dama da hagu a tare, sannan da safe gaɓɓan su ƙage su ɗauki awa guda ko fiye kafin su saki, ga wata irin gajiya da barci ba ya maganinta. Ciwon gwiwar tsufa in ka huta yake sauƙi, wannan kuwa zaman ne ke ƙara ƙage shi, sai an motsa yake saki. Kuma ba a gaɓa kaɗai yake tsayawa ba, yana iya taɓa ido da huhu da jijiyoyin zuciya. Shan taba na cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin kamuwa da shi.

Yanzu lissafin da nace a riƙe. Yaya tela ce, a gida take ɗinkin mata, kekenta a ɗan ɗakin da ke kusa da zaure. Ita shekara uku ta yi ana lalube. An yi maganin taifot ya fi sau nawa, an yi na maleriya, an yi ƙaho, an sha jiƙe-jiƙen masu yawo da lasifika a kasuwa, har zancen sammu sai da ya shigo don wai kasuwarta ta buɗe ana baƙin ciki. Abin da ya fi yi mata ɓarna kuwa haɗin kemis ne, wani yaro a bakin layi yake ƙulla mata ƙwayoyi a 'yar farar leda, ja ɗaya, rawaya ɗaya, da wasu ƙanana farare guda biyu, in ta sha wallahi kamar an zare mata ƙaya, ta yini tana taka keke. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, mata suna zuwa karɓar ɗinki suna cewa Hajiya hutu ya karɓe ki. Ashe fararen nan dexamethasone ne, sauran kuma dangin su diclofenac. Na farkon shi ke kumbura fuska, ya hau da sukari da hawan jini, ya rarake ƙashi a hankali, na biyun kuma shi ya ba ta gyambon ciki da ya kai mu asibiti da daddare tana aman da ba na son tunawa. A can ne wata likita ta kama hannunta ta juya ta dubi yatsun, ta tambaye ta da safe minti nawa suke ɗauka kafin su buɗe, Yaya tace ai sai rana ta take, shikenan ta tura mu asibitin koyarwa. Kafin lokacin yatsu biyu na hannun dama sun riga sun karkace, kuma abin da ya karkace ba ya dawowa.

Bambancin wata biyu da shekara uku kenan. Likitocin wannan fanni suna nanata cewa watannin farko su ne damar da ake da ita, don ɓarnar da ciwon ke yi wa ƙashi da wuri take farawa, in an danne kumburin tun kafin ya ci gaɓa mutum na iya rayuwarsa kusan kamar kowa. Maganin kashe zafi ba ya tsayar da wannan ɓarnar, rufe mata baki kawai yake tana ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Masu tsayar da ita wasu magunguna ne daban da ke lallashin sojojin jikin su sauke makami, babbansu da aka fi farawa da shi a duniya shine methotrexate, sai irin su hydroxychloroquine da sulfasalazine, wani lokaci a haɗa biyu ko uku. Sannan akwai na zamani masu tsada da yawanci allura ne, waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990, su kuma kafin a ba mutum sai an gwada shi tarin fuka don suna iya tayar da wanda ya kwanta a jiki, abin da a ƙasarmu ba wasa bane.

Mu koma kan Caroline. Abin da ya sa ma labarinta ya zama abin ba da misali shine abin da ya faru 'yan makonni bayan an gano ciwon. A farkon Oktoban 2018 ta je Bejin ta ƙasar Sin ta cinye gasar China Open ba tare da an ci ta zango ko ɗaya ba, ta doke Anastasija Sevastova a fainal, kofinta na 30 kenan a tarihin wasanta. Duk wannan lokacin ba wanda ya san halin da take ciki sai na jikinta. Sai ƙarshen watan a Singafo, bayan an fitar da ita daga gasar rufe shekara, ta zauna gaban 'yan jarida ta faɗa. Tace da gangan ta yi shiru ana tsakiyar kaka don kada abokan karawa su ga lagonta. Kuma ba ta yi wa abin kwalliya ba, tace akwai ranar da za ka tashi lafiya lau, akwai ranar da ko daga gado ba za ka iya sauka ba, dole ka karɓi hakan ka san yadda za ka tafi da shi.

Ni wannan maganar ta ƙarshe ta fi min kofin Bejin ɗin amfani, don kofin in ba a yi hankali ba zai iya zama sandar dukan marasa lafiya, a ce ga wata can tana cin gasa ke kina kwance kina raki. Gaskiyar ita ce shekarar da ta biyo baya, 2019, ba ta yi mata daɗi ba. Ba ta ci kofi ko ɗaya ba, fainal ɗaya ta kai a Charleston Madison Keys ta doke ta, ta janye daga wasu gasanni, matsayinta a duniya ya gangaro daga na uku zuwa wajen talatin da wani abu. Matar da aka sani da cewa ba ta gajiya ta koma mai lissafin ƙarfinta kamar mai lissafin kuɗin cefane a ƙarshen wata. A hirarrakinta ta sha maimaita abubuwa guda uku zuwa huɗu, barci isasshe, kula da abin da take ci ta ga wanne ke tayar mata da ciwo, rage atisaye ranar da jiki yace a'a, da kuma bin tsarin da likitanta ya ɗora ta a kai. Ba wani sirri a ciki, amma ga wanda tun yana yaro aka koya masa cewa ciwo ana cije haƙori ne a wuce shi, koyon tsayawa ya fi koyon gudu wuya.

A watan Yunin 2019 ta yi aure da David Lee, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka, a watan Disamba kuma ta sanar cewa za ta ajiye raket bayan Australian Open na 2020, ta kuma jaddada cewa ba don rashin lafiya bane, iyali take son kafawa. Mutane da yawa ba su yarda ba, ni ma dai ina ganin da wuya ace ciwon bai da ko ɗan hannu a ciki, amma jikinta ne ita ta fi kowa sani. Wasanta na ƙarshe a lokacin 'yar Tunisiya Ons Jabeur ce ta doke ta a zagaye na uku. Bayan 'yan makonni sai ga ta a ƙololuwar dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya ita da mijinta, tsayin mita 5,895, mai ciwon gaɓɓai fa.

Ta haifi 'ya mace a 2021, namiji a 2022. Nan ma akwai abin da ya kamata matanmu su sani, don tambayar da ke hana da yawa zuwa asibiti kenan, shin zan haihu? Ana haihuwa lafiya lau da wannan ciwon, mata da yawa ma ciwon lafawa yake lokacin goyon ciki sai bayan haihuwa ya nemi tasowa. Matsalar tana wajen magani, methotrexate yana illa ga ɗan tayi ƙwarai, mace ba ta ɗaukar ciki tana shansa, sai an zauna da likita an tsara an dakatar da shi tun kafin, a koma kan irin waɗanda ba su da wannan haɗarin kamar hydroxychloroquine. Wannan ba maganar da za a ji kunyar yi wa likita bace.

Kowa ya ɗauka labarin ya ƙare a nan, sai a 2023 tana da shekara 33 da yara biyu ta dawo fagen wasa. Kuma ina ta fara? Montreal, garin da shekara biyar baya ta farka hannu ya ƙi ɗaguwa, ta ci wasanta na farko a can. A US Open na wannan shekarar ta doke Petra Kvitova, ta kai zagaye na huɗu, sai Coco Gauff ta tsayar da ita da ƙyar a zango uku, ita Gauff ɗin kuwa ita ta ɗauki kofin a ƙarshe. A 2024 ta sake kaiwa zagaye na huɗu a wannan gasar. Ba ta koma ta ɗaya a duniya ba, ba ta sake cin babban kofi ba, amma a lokacin wasa take da 'yan shekara ashirin suna shan wuya a hannunta, kuma a wannan dawowar ba kowace gasa take shiga ba, zaɓa take.

Na san abin da wani zai ce, ni ma na faɗa wa kaina, wannan ai mai kuɗi ce, likitanta daban, mai tausa daban, mai dafa mata abinci daban, duk maganin da ya fito duniya in tana so gobe zai iso. Haka ne. A nan kuwa likitocin wannan fannin 'yan ƙalilan ne, yawanci sai a manyan asibitocin koyarwa, layi kuma sai ka yi asubanci, alluran zamanin nan kuɗinsu ya fi ƙarfin mai albashi balle tela. Ba zan ce daidai suke da Yaya ba, ƙarya ne. Sai dai da na zauna na tace labarin, abubuwan da suka fi yi mata aiki ba su ne masu tsadar ba. Ta ƙi yarda a ce mata ba komai, ta samu sunan ciwonta da wuri, ta hau maganin da ke tsayar da ɓarna, ba ta daina motsa jiki ba, sannan ta koyi rage kaya ranar da jaki ya gaji. Methotrexate ɗin nan tsohon magani ne, ana samunsa a manyan kantunan magani a garuruwanmu, in ka haɗa kuɗin da Yaya ta zubar a jiƙe-jiƙe da haɗin leda da kwanciyar gyambon ciki ya ninka nasa ban san sau nawa ba.

Abu ɗaya da likitan ya ja mana kunne a kai har sau uku, kuma ya sa ni na maimaita masa kamar ɗan makarantar allo, sau ɗaya ake shan methotrexate a sati. A sati, ba kullum ba. Wanda ya sha kullum bisa kuskure zai iya rasa ransa, don yana rushe jini ya ƙone baki da hanji. Ana haɗa shi da folic acid don rage illarsa, kuma lokaci-lokaci sai an gwada jini a ga lafiyar hanta. Sannan ba ya aiki nan take, sai an yi sati shida zuwa wata uku kafin a ga canji, a nan ne mutanenmu ke karaya su ce maganin asibiti bai karɓe su ba su koma wajen yaron kemis mai ba da sauƙin minti talatin. Yaya ma ta so komawa. Sati na biyar ta kira ni tace auta ni fa wannan ƙwayar taku ba ta san inda ciwon yake ba, nace Yaya don Allah ki ƙara haƙuri ko wata ɗaya ne, in bai yi ba ni da kaina zan mayar da ke mu faɗa masa. Ranar Lahadi ce ranar shan maganinta, mun zagaye duk Lahadin da ke kalandar bangon ɗakinta da jan biro, 'yarta ta tsakiya ce mai tuni. Fararen ƙwayoyin nan ma ba a yarda ta yanke su rana ɗaya ba, a hankali likita ya riƙa rage su, don jikin da ya saba da su in an tsayar farat ɗaya wata matsalar ce.

Yanzu shekara biyu kenan tana kai. A da ƙarfe bakwai take buɗe keke, yanzu sai goma da rabi. Tun dare ake cika mata filas da ruwan zafi, da asuba ta sirka ta yi alwala, in ta idar sai ta zuba sauran a roba ta tsoma hannuwan tana buɗe yatsu tana rufewa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga tasbaha a cikin ruwa, wajen minti goma sha biyar. Lokacin hunturu ta fi jin jiki, har safar hannu take kwana da ita. Ranar da gwiwa ta motsa a kujera take sallah, da farko abin ya dame ta sosai tana ganin kamar ta rage wani abu, sai da malamin islamiyyarsu ya karanto musu hadisin Imrana ɗan Husaini, ka yi sallah a tsaye, in ba za ka iya ba a zaune, in ba za ka iya ba a kishingiɗe, sannan hankalinta ya kwanta. Mun sa wa keken mota, in akwai wuta ba ta taka feda. Yankan yadi shi ne ya fi cin yatsu, don haka yarinyar da ke koyon ɗinki a wajenta ita ke riƙe almakashi, Yaya ta zana da alli ta tsaya a kanta tana faɗa. Murhun ƙasa an ɗaga shi, wanki an raba wa yara, bayan la'asar kuma sai ta zagaya gidan ƙanwar mamanmu a ƙafa ta dawo, tafiyar minti ashirin zuwa da ashirin dawowa, da a ce da ne ɗan sahu za ta tara. Likitan motsa gaɓɓai ne ya ce mata kwanciya ba gata bace ga wannan ciwon, naman da ke riƙe gaɓa in ya saki gaɓar ce ke ɗaukar nauyin duka.

Inda na fi ganin kamarta da baturiyar nan shine lokacin ɗinkin sallah. Duk tela ya san goman ƙarshe na azumi ba a barci, Yaya da takan karɓi kaya har ta rasa inda za ta ajiye, ranar sallah tana kwance ana mata sannu. Bara tun kafin azumi ta yanke adadin da za ta karɓa ta rubuta a bayan littafin awo, da ya cika ta rufe. Wata tsohuwar kwastomarta ta zo da atamfa uku ranar sha bakwai ga azumi tana ta magiya, haba Hajiya ni ce fa, Yaya tace wallahi ko uwata ce ta zo yau sai dai bayan sallah, matar ta fita tana ƙunƙuni ta kai wa wata. Na ga abin ya sosa mata rai don kuɗi ne ya fita ta ƙofa tana kallo. Amma ranar idi da ƙafarta ta je masallaci, ta dawo ta tuƙa tuwo da taimakon yara.

Ran nan na kai mata wayata na nuna mata guntun wasan da Caroline ta yi da Kvitova, nace Yaya ga 'yar uwarki a ciwo. Ta gyara tabarau ta kalla shiru, matar na ta zuba gudu daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai tace yatsunta fa, nuna min yatsunta. Na tsayar da bidiyon na jawo hoton kusa, ta daɗe tana duban hannun da ke riƙe da raket ɗin, sannan ta dubi nata guda biyun da suka karkace, tace wannan da wuri aka gano nata. Ta miƙo min wayar, ta ƙwala wa yarinyar kira ta zo ta yanke wuyan rigar da ta zana tun ɗazu.